Turanci Mai Wutsiya A Kasuwar Dawanau

Duk wanda ya bi hanyar Katsina daga Kano da kaka yakan san ya kusa Dawanau tun bai kai ba. Tireloli ne jere a bakin titi, 'yan dako suna ta kai da kawowa da buhuna a ka, ƙurar gero da ta dawa ta tashi har tana shiga maƙogwaro. Tun 1985 da aka kafa kasuwar nan a ƙasar Dawakin Tofa take ta girma, har ana lissafta ta cikin manyan kasuwannin hatsi na Afirka ta Yamma. Kewaye da ita kuwa gonaki ne manne da juna, ba a barin saura, gama mutanen yankin sun daɗe da sanin yadda ake ciyad da ƙasa da taki don ta ba da amfani kowace shekara. Kakanninsu da jakuna suke ɗauko shara daga birni su zuba a gona.

Hausa ce harshen kasuwar. Da ita ake tayi, da ita ake sallamawa, da ita ake faɗa a kuma shirya. Amma akwai kayan da ba a ƙasar nan za su tsaya ba. Riɗi yana tafiya Japan da Sin da Turkiyya, zoɓo yana tafiya Meziko, citta da waken suya kuma kowanne da inda ya nufa. Sa'ad da kaya ya kama hanyar teku, magana takan koma Turanci: takardar yarjejeniya, da rasit, da gajerun saƙonnin da wakilan kamfanoni suke turowa daga Legas ta waya. A nan ne muke so mu tsaya a wannan wata, domin mun ga gidan da ya yi hasara, ba don fari ba, ba don ɓarawo ba, sai don wata kalma mai haruffa uku.

Saƙon da ya zo da dare

Maigidan nan mun san shi shekara da shekaru. Manomi ne a wani ƙauye arewa da kasuwar. Yana karanta Hausa sarai, amma bai yi nisa a boko ba. Da kaka yakan tara riɗinsa, ya karɓi na maƙwabta bisa amana, ya kama wuri a sito, in an sayar kowa ya karɓi nasa. A shekarar da muke magana buhu 40 ya tara. Wani dillali ya haɗa shi da wakilin wani kamfani, aka yi ciniki, aka ba shi kafin alƙalami, aka sa ranar lodi.

Ana sauran kwana biyu, bayan an ci tuwon dare, sai ga saƙo ya shigo wayarsa. Ga abin da aka rubuta: "Loading has been put off. Hold on to the goods."

Ya kira babban ɗansa, wanda ya gama sakandare a shekarar, ya ce, "Zo ka karanta mini." Yaron ya duba. Ya san "put", sawa ne ko ajiyewa. Ya san "off", gama tun yana firamare yake jin ana cewa "put off the light", wato a kashe fitila. Ya san "hold", riƙewa ne. Ya san "goods", kaya ne. Ba kalma ko ɗaya da ta gagare shi. Sai ya ce, "Baba, sun ce an kashe maganar lodi. Wai ka riƙe kayanka."

To, ba wanda bai san abin da "riƙe kayanka" take nufi a kasuwa ba. Maigida ya yi shiru. Ya nemi dillalin, aka ce ya tafi Maraɗi, wayarsa kuma ba ta shiga. Maƙwabta sun riga sun sa rai: wannan zai biya kuɗin makaranta, wancan yana da auren 'ya a gaba, ga Kirsimeti ta matso. Kuɗin sito kuma kullum hawa yake yi. Da ya ga haka sai ya sallama riɗin ga wanda ya fara tayawa, a kan kuɗin da bai kai na farko ba, ya kuwa cika wa maƙwabta daga cikin rabonsa don kada a ce ya ci amana.

Bayan kwana 9 sai ga tirela ta tsaya a ƙofar sito, direba yana tambaya ina kaya.

Ashe abin da wakilin nan ya rubuta shi ne, "An ɗaga ranar lodi. Ka ci gaba da ajiye mana kayan." Maigida ya mai da kafin alƙalami. Kamfanin bai ƙara nemansa ba, dillali kuma ya yi wata da watanni ba ya amsa gaisuwarsa da kyau. Hasarar kuɗi ta yi masa zafi, amma ya faɗa mana abin da ya fi ƙona masa rai shi ne a ce da shi mai magana biyu.

Abin da ya fi ba mu tausayi kuwa shi ne wannan. Da wakilin ya rubuta "postponed", da yaron ya gane nan take. Ya haddace wannan doguwar kalma, ya ci jarrabawa da ita. Gajerun kalmomin da yake ganin ya raina su ne suka kā da shi. Hausawa dai sun ce ƙaramin sani ƙuƙumi ne, amma ba laifin yaron kaɗai ba ne, kamar yadda za mu gani.

Mece ce wannan wutsiya?

Turawa suna da wata al'ada a harshensu. Sukan ɗauki gajeren aikatau, wato kalmar da ke nuna aiki, irin su "put", "take", "give", "turn", "run" da "look", su liƙa masa wata 'yar ƙaramar kalma a baya, irin su "up", "down", "in", "out", "on" da "off". Malaman nahawu suna kiran wannan haɗi "phrasal verb". Mu dai a nan bari mu kira shi aikatau mai wutsiya. Wani lokaci wutsiyar ba ta yin ɓarna. "Sit down" zauna ne, "come in" shigo ne, ɗan aji ɗaya ma ya sani. Amma sau da yawa wutsiyar ce take jan jikin duka zuwa inda ba ka zata ba. "Give" bayarwa ne, "up" sama ne, amma "give up" ba miƙa abu sama ba ne. Fid da zuciya ne, ko kuwa barin abin da mutum ya saba, kamar mai barin shan taba.

Ba mu ne muka fara kuka da su ba. Samuel Johnson, wanda ya fito da babban ƙamus na Turanci a 1755, ya ambata a gabatarwarsa cewa irin wannan haɗi yana ba baƙi wahala ƙwarai. Sunan "phrasal verb" kuwa ya bazu ne daga 1925, sa'ad da wani marubuci mai suna Logan Pearsall Smith ya yi amfani da shi cikin littafinsa.

Watakila mai karatu zai ce, tun da akwai "postpone", me ya kawo "put off"? Amsar tana cikin tarihi. A 1066 Normawa masu jin Faransanci suka ci Ingila da yaƙi. Shekaru ɗaruruwa bayan wannan, Faransanci ne harshen fada da na shari'a, Latin kuma harshen ilimi, talakawa kuwa suka ci gaba da gajerun kalmomin kakanninsu. Saboda haka abubuwa da yawa a Turanci suna biyu gare su, dogo na takarda da gajere na baka. "Cancel" yana da "call off", "tolerate" yana da "put up with", "investigate" yana da "look into". Makarantunmu sun fi ba da ƙarfi ga dogayen, yara kuma suna ganin wanda ya iya doguwar kalma shi ne ya iya Turanci. Amma ɗan kasuwa mai gaggawa, da nas a asibiti, da direba a kan hanya, gajerun suke jefowa. Masu shirya jarrabawar WAEC da NECO da JAMB ma sun san wannan rauni, ba sa kuwa barin takardar Turanci ta wuce ba su taɓa shi ba.

Mu ma muna da namu

Kafin mu ga laifin Turawa, bari mu duba gida. Ɗauki kalmar "ci". Muna cin tuwo, gaskiya ne. Amma muna cin kasuwa, muna cin riba, muna cin bashi, ana cin amana, ana cin mutunci, yaro yana cin jarrabawa, wani yana cin sarauta, aiki kuma yana ci gaba. A cikin waɗannan duka ba abin da ya shiga baki. Haka nan "sha": shan iska, shan wahala, shan kashi, shan alwashi. Wanda ya buɗe ƙamus ɗin G. P. Bargery na 1934 wajen kalmar "ci" zai ga jerin ma'anonin da baƙo yake fama da su in zai koyi harshenmu. Ka yi tunanin Baturen da aka ce masa, "Gobe kasuwa za ta ci." Me za ta ci? A Dawanau ɗin nan kuma, in ka taya kaya mai kaya ya ce "Albarka", ba sa maka albarka ya yi ba. Ya ƙi tayinka ke nan.

Akwai kuma wani abin da ya fi wannan kusa, wanda muke ganin shi ne mabuɗin da ya kamata a ba yaranmu tun farko. Abin da Bature yake yi da wutsiya, Bahaushe da ƙarshen kalma yake yinsa. F. W. Parsons, malamin Hausa a Landan, ya nuna a 1960 cewa aikatau na Hausa ya kasu aji bakwai bisa ga ƙarshensa da karin sautinsa. Ba sai ka san sunayen azuzuwan ba, gama tun kana goye kake aiki da su. Duba saya, sayo, saye, sayar. Ko zuba, zubo, zube, zubar. Jiki ɗaya ne, ƙarshe ne kawai ya sāke, ma'ana kuwa ta juya.

Yanzu sai mu jera su kusa da juna. Ci shi ne "eat", cinye kuwa "eat up". Sha shi ne "drink", shanye "drink up". In attajiri ya sayi wake, "he bought beans". In ya saye waken kasuwa har bai bar wa kowa ba, "he bought up the beans". Ka gani? Wannan "up" ba sama yake nufi ba, ƙarewa yake nufi, daidai da aikin da ƙarshen kalma yake yi a cinye da shanye da saye. Da zarar yaro ya kama wannan, "use up" da "fill up" da "dry up" da "lock up" sun zama nasa: ƙarar da abu, cika shi fal, bushewa ƙaf, kullewa gam. Haka kuma fita da fito su ne "go out" da "come out", koma da komo su ne "go back" da "come back". Zubar shi ne "pour away". Yanke shi ne "cut off".

"Off" kuwa, wadda ta jawo wa abokinmu hasara, yawancin aikinta rabuwa ne. "Set off", mota ta rabu da tasha, ta kama hanya. "Drop off", a sauke mutum ko kaya a wuce. "Pay off", a biya bashi duka a rabu da shi. "Write off", a fid da rai daga bashi a soke shi daga littafi. "Sell off", a sayar da sauri ko da arha don a huta, wato abin da maigidan nan ya yi da riɗinsa. "Put off" kuma, a raba abu da ranarsa a tura shi gaba.

Amma kada mu ruɗe ka. Wannan mabuɗi ba kowace ƙofa yake buɗewa ba. "Put off" da "call off" wutsiyarsu ɗaya, amma ɗaya ɗagawa ne, ɗaya sokewa. Tsakanin su biyun nan buhu 40 suka salwanta. A irin wannan wuri ba dabara sai sani.

A bakin sikeli

Bari mu zaga kasuwar mu ji waɗanda suka fi fitowa a bakin masu ciniki da kamfanoni.

In wakili ya ce "They turned down your price", albarka ke nan aka yi maka, sun ƙi. Amma in ya ce "The buyer did not turn up", mai saye ne bai zo ba. Abin dariya, waɗannan biyu a jikin rediyo kishiyoyin juna ne, rage murya da ƙara murya, amma a kasuwa ba abin da ya gama su. "Turn back" kuwa mai da kaya ne daga hanya, kalmar da masu fitar da wake suka sha ji, gama a 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a ciki. Uwargida ma sai ta lura da wannan, domin waken da aka ƙi a waje irinsa ne muke dafawa a gida.

"Back out" shi ne mutum ya janye bayan ya yi alkawari. "Back up" kuwa ya goyi bayanka ne. Kalma guda ce ta raba aboki da mai zamewa. In aka ce "The deal fell through", ciniki ya rushe. In aka ce "It went through", ya faɗa, an gama. "We have run out of bags" ba gudu aka yi ba, buhuna ne suka ƙare. "The lorry broke down", mota ta lalace a hanya. "It was held up", an tsare ta ko ta makale, ko a shingen jami'ai ko a cunkoso. Amma a lura, "hold up" ana faɗinta kuma in 'yan fashi sun tare mutane da bindiga, saboda haka wanda ya sami irin wannan saƙo ya tambaya kafin ya kwanta barci. "Hold back" ɓoye kaya ne a ƙi fitarwa, zargin da ya sa wata hukumar Jihar Kano ta rufe wasu sito a Dawanau a watan Fabrairu na 2024, lokacin da tsadar abinci ta kai wa mutane wuya.

Wajen kuɗi kuma sai a buɗe kunne. "Pay in" zuba kuɗi ne a banki. "Pay back" biyan rance ne. "Pay up" kuwa da ɗan zafi a cikinta, ana nufin ka biya yanzu, haƙuri ya ƙare. "Take off" a bakin sikeli ragewa ne, kamar a ce za a cire kilo biyu a kowane buhu saboda tsakuwa da ƙasa. Ita ce kuma kalmar tashin jirgin sama, ita ce ta tuɓe riga.

Amma sarauniyarsu ita ce "make up". In nauyi bai cika ba aka ce "make up the weight", ka cika ne. In aka ce "He made up the story", ƙarya ya shirya. In aka ce "They have made up", masu faɗa ne suka shirya. "Make up your mind", ka tsai da shawara. Ga kuma kwalliyar mata. Wani malamin Turanci da muka sani yakan ce wa 'yan ajinsa, wanda ya ce sai ya haddace ma'anonin nan duka a dare ɗaya, Dawanau za a kai shi, ba kuwa kasuwar ba. Mutanen Kano sun gane, gama asibitin masu taɓin hankali ma a can yake.

A asibiti da cikin gida

A kasuwa kuɗi ake hasara, kuɗi kuwa ana mai da shi. Akwai wurin da kuskure ya fi haka nauyi. In saƙo ya zo daga makarantar kwana cewa "Your daughter passed out this morning", suma ta yi. In kuwa aka ce "passed away", rasuwa ce. Mun ji labarin gidan da aka fara kuka, maƙwabta suka taru, kafin wani ya sāke duba wayar ya ga ashe yarinya suma ta yi a wurin taron safe, har ta farfaɗo. Farfaɗowar nan ita ce "come round" ko "come to". Don a ƙara rikita mu, sojan da ya gama horo da mai hidimar ƙasa da ya gama shekararsa su ma "pass out" suke yi, a nan kuwa murna ce ake yi da fareti.

In nas ta tambaya ko yaro yana "bringing up" abincinsa, amai take nufi, ko da yake "bring up" ita ce kuma renon yaro da tarbiyyarsa. In likita ya ce "cut down on salt", rage gishiri ne. In ya ce "cut out salt", bari ne gaba ɗaya. Mai hawan jini da ya kasa bambanta waɗannan biyu zai iya cutar kansa ba da sani ba. In aka ce cuta ta "broke out" a gari, ɓarkewa ta yi.

"Look" kuwa iyali guda ne mai 'ya'ya da yawa, kowanne da halinsa. "Look for" nema ne, "look after" kulawa, "look into" bincike, "look out" gargaɗi ne, wato yi hankali. "Look up to" ganin girman mutum ne, "look down on" raina shi. In baƙo ya dubi jariri ya ce "He takes after his father", ba bin uban yake da gudu ba, kamanninsa ya ɗauko.

Sai kuma Turancinmu na gida, wanda shi ne ya yi wa yaron nan tarko. A Nijeriya kowa yana cewa "put off the light", kowa kuma yana ganewa. Amma mutumin Ingila "turn off" ko "switch off" ko "put out" zai ce. A wurinsa "put off" ɗagawa ne, ko kuwa abu ya fita ran mutum. A nan in an ce mace ta "take in", ciki ta ɗauka. A can "take in" ruɗin mutum ne, ko saukar baƙo, ko rage faɗin riga. A nan "put to bed" haihuwa ce, a can kwantar da yaro ne ya yi barci. Shugaban taro a nan yakan ce zai "round up", yana nufin zai kammala, alhali kammalawa "round off" ce, "round up" kuwa tattara shanu ne ko kamen masu laifi. Ba muna cewa Turancinmu abin kunya ba ne. Kowace ƙasa da yadda take lanƙwasa harshen nan, Amurka ma ta lanƙwasa nata. Abin da muke cewa shi ne, mai karanta saƙon ciniki ko takardar jarrabawa ya san akwai hanya biyu, ya kuma san a kan wacce mai rubutun yake tafiya.

Abin da za a iya yi a gida

Ba mu ga amfanin ba yaro jerin kalmomi ɗari a ce ya haddace ba. Kafin mako ya zagayo sun gauraye masa. Gara a kama su ɗaya ɗaya cikin jimla, kamar yadda aka same su. A sayi ƙaramin littafin rubutu a ajiye kusa da rediyo. Duk sa'ad da aka ji wata a labarai, ko aka gani a takardar makaranta ko a kwalin magani, a rubuta jimlar duka, a rubuta Hausarta a ƙasa, Hausa ta gaske irin wadda kaka za ta gane. In za a duba ƙamus, a nemi aikatau tukuna, sa'an nan a bi ƙasa a hankali, gama masu wutsiya a ƙarshen bayani ake jera su. Yara da yawa sukan karanta ma'anar farko su rufe littafi.

Akwai ɗan abin lura wajen jera su. Ana iya cewa "pick up the bag" ko "pick the bag up", duka daidai ne. Amma in "it" ce, dole ta shiga tsakiya: "pick it up". Wasu kuma ba a raba su sam, kamar "look after it". Kunne ne yake koyon wannan fiye da ka.

Amma abin da ya fi duka muhimmanci ba na nahawu ba ne. A gidajenmu da yawa yaron da ya yi makaranta shi ne idon gida. Shi ne mai karanta takardar asibiti, da ta banki, da ta kamfani. An sayar da akuya an biya masa kuɗin makaranta, ya kuwa sani. Yaya zai dubi ubansa ya ce, "Baba, ban gane ba"? Ya san amsar da wasu iyaye sukan bayar: "To, me ka je yi makarantar?" Saboda tsoron wannan magana yakan haɗa abin da ya sani ya ba da amsa, ko daidai ko ba daidai ba. Iyaye, mu ne za mu buɗe masa wannan ƙofa. Ku kuma 'yan makaranta, akwai hanya mai sauƙi. Dogayen kalmomin nan da kuka haddace, ga ranarsu ta zo. Ku mai da tambaya da su: "Do you mean postponed or cancelled?" Ba wakilin kamfanin da zai ji haushin wannan tambaya, gama shi ma kayansa yake so ya samu.

Bara da kaka muka sāke bi ta gidan abokinmu. Ya sami wani mai saye, ya kuma koma tara riɗi, ko da yake maƙwabta biyu sun kai nasu wani wuri. Muna zaune a zaure sai ga saƙo: "We cannot take on more this week. We will get back to you." Ya miƙa wa yaron. Yaron ya karanta sau biyu, ya shiga ɗaki ya ɗauko littafinsa, ya duba, ya ce, "Baba, na farkon na gane, ba za su iya ƙara ɗaukar kaya a makon nan ba. Na biyun ina tsammani za su sāke nemanmu ne, amma bari in kira in tabbatar."

Maigida ya ce, "Akwai kuɗi a wayar?"

Ya ce, "Saura kaɗan."

Ya laluba aljihu ya ba shi, ya ce, "Je ka sayo kati. Ka tambaye shi kuma wace rana."